Naman Shaki

Badarawa, ta Shinkafi
9 ga Fabrairu, 2000

Zuwa ga ɗiyata ta fari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Lukman. Yaya aikinsa na jirgin ƙasa, yaya baƙunta a Ibadan? Wannan rubutun hannuna ne, shekarata biyu ke nan a ajin yaƙi da jahilci. Sunanki na bayan ambulan kawai Malama Safiya ta rubuta mini. Kin san bakina bai faɗinsa, ashe hannun ma ba zai iya ba.

Takardarki ta iso, na karanta ta sau huɗu. Allah mai iko! Ashe akwai masu cin dodon koɗi, har ki ce girmansa ya kai tafin hannu? Kuma tuwon doya baƙi ƙirin, ana haɗiya ba tauna? Na tambayi Malama, ta ce dodon koɗi ba laifi. Ina tsaye ina mamaki har tuwona ya kama.

Amma wuri ɗaya ya hana ni sukuni. Kin ce maƙwabciyarku Alhaja na kawo miki "naman shaki" kullum, wai shi kaɗai ke zama miki ba ki amayar ba. Na san ki, tun kina firamare malamai ke kukan ba ki sa wa baƙi ƙugiya, ga shi ko ƙofa "kofa" kika rubuta. Da na mayar wa kalmar ƙugiyarta sai na ga shaƙi. Wato shaƙe dabbar suke yi, ba yanka? Ai mushe ke nan! Tun da aka kawo Shari'a jiharmu ake karanta mana ayar a rediyo, kuma shaƙaƙƙiya na cikin abin da aka hana.

Ba ke kaɗai nake ji ba. Abin da ke jikinki da wannan naman yake yin ƙashi da tsoka. Ban gaya wa babanki ba, don cewa zai yi a ɗauko ki yau. Ko da na nuna wa Malama takardar, na rufe wannan layin da yatsa. Na yi azumi uku ina roƙa muku gafara. Ki bari, don Allah, ko da kunu za ki wuni.

Ga fara nan na soya miki. Ki ba ni amsa da jirgin Ƙaura na farko.

Innarki,
Gimbiya

Sabo, Ibadan
24 ga Fabrairu, 2000

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, a gaishe mini da Baba.

Ki yafe mini, na yi dariya har na riƙe ciki, daga baya kuma na yi kuka saboda azuminki. Inna, wannan karon k ɗin ba ta da ƙugiya. Shaki Yarabanci ne, tumbi suke nufi. Tumbin da kike wanke mana ran Layya.

Na gaya wa Alhaja. Ta dafe ƙirji ta ce, "Ni? Makka biyu na je, in ba yarinya mushe?" Ba ta ko ɗaura ɗankwali daidai ba ta ja ni mahauta. Inna, ban taɓa ganin shanu haka ba, ƙaho sai ka ce daji. Mai yankan kuma, ki ce wa? Malam Mudi, mutumin Zurmi, shekararsa ashirin nan. A gabana ya fuskantar da wani sa alƙibla ya yi bisimilla. Ya ce, "Ki ce ma Innarki wuƙar Zurmi ta, ta kwantar da hankali nata."

Farar nan kuwa, da Alhaja ta buɗe ƙullin ta ga ƙafafu sai ta yi ihu ta watsar. Na tsince, na ci a gabanta. Ta rufe ido ta tauna ɗaya. Yanzu cewa take a tambaye ki ko da saura.

Abokin aikin maigida zai kawo miki manja da daddawa irin ta nan. Ki dafa tumbin ya yi laushi tukuna, sannan ki soya shi cikin manja da tattasai da albasa mai yawa, kada ki yawaita ruwa.

Kwana shida ban ci ba saboda maganarki, kuma ba abin da ke zama. Alhaja ta kawo na ƙi. Ina jiran izininki.

Ɗiyarki mai biyayya,
Rashida

Badarawa
6 ga Maris, 2000

Ɗiyata,

Salamu alaikum. Alhamdu lillahi. Na yi sujada a tsakar gida, kaji na kallona.

Na dafa ranar kasuwar Shinkafi. Shekara arba'in ina wanke tumbi, ban san yana iya zama haka ba. Ja wur, yana narkewa a baki. Na riƙe yanka ɗaya ina duban ramukansa kamar saƙar zuma, ina cewa wanda ya tsara wannan a cikin saniya, inda ba mai gani, Shi ya raba wa kowace ƙasa yadda za ta dafa shi. Babanki ya suɗe kwano ya ce wace aljana ta shiga madafi. Ban ba shi labarin ba, ke ma kada ki ba shi.

Ki roƙa mini Alhaja gafara, na zarge ta ban san ta ba. Farar sai kaka.

Amma kwana shida! Kafin wannan ta iso sun zama nawa? Ki aje takardar nan yanzu, kada ki tsaya karanta gaisuwa. Ki tafi wurin Alhaja ki ci, ki ƙoshi, ke da jikana.

Innarki,
Gimbiya