Rabin Hatimin da ke Ƙulle a Zanenki

Zuwa ga Hassana matata, hasken ɗakina, sanyin gulbin Rima a tsakiyar bazara, farin watan da na baro a Goronyo! Gaisuwa da bege marar iyaka.

Ina rubuto miki daga Ubayyid ta ƙasar Sudan, inda hanyar ƙafa ta ƙare, ta jirgin ƙasa ta soma. Wata bakwai muka yi muna tafe ta daji, ba wanda ya tambaye mu takarda, amma a nan tafiyata ta tsaya cik. Ayarinmu sun shiga jirgi sun nufi bakin teku, wataƙila yanzu suna Makka. Ni kuwa ga ni a kasuwa ina tsintar ƙaro, duk sanda jirgi ya yi kuka sai in bi hayaƙinsa da kallo.

Kin tuna safiyar da zan fito, kina ɗaura mini guzuri a gindin tsamiya? Kika ce tsoronki ɗaya, kada shekaru su shafe miki kamannina. Ni kuma sarkin wayo, na zaro fasfon da Nasara suka ba ni a Sakkwato, na sa wuƙar yankan albasa na ɓamɓare hotona na danƙa miki. Na ce ai takardar ake nema, fuska kuwa ga ta a wuyana, mi za a yi da ta biyu? Kika yi dariya, kika ƙulle shi a bakin zane. Wallahi ko yau in na rufe ido ina jin dariyar nan!

Ashe a nan ba a sayar wa baƙo tikiti sai an gwada fuskarsa da hoto. Ma'aikacin tasha ya buɗe fasfona, ya tarar da fili fari fat da rabin hatimi. Na rantse, na kawo shaidu, na nuna masa tsagar fuskata. Na je aka ɗauke ni sabon hoto, ya ce ina sauran hatimin? Yana kan tsohon, Hassana, yana zanenki! Komawa ma ta gagara, an ce yanzu masu tsaron iyaka sun tsananta. Na zama ba gaba ba baya, kamar kwalekwalen da ruwa ya janye ya bari kan yashi.

Ya sanyin idona, kunya ta hana ni rubutu wata uku cur. Ina aka taɓa jin miji ya roƙi matarsa kyautar da ya ba ta? To ga shi na roƙa. Kafin in taso, ƙanenki Isa ya ce bayan girbi zai biyo sawunmu. Ki naɗe hoton a fata ki ba shi, kada ruwa ya taɓa hatimin.

Amma akwai abin da ke cin raina. Zazzaɓi ya sha ni, na rame, gemu ya soma furfura. Jiya na leƙa randa, na daɗe ban gane mai kallona ba. In hoton ya iso, ma'aikacin ya dube shi, ya dube ni, ya ce ba ni ba ne fa? Na raba ki da shi a banza ke nan, ba ni, ba hotona!

Don haka kafin ki miƙa wa Isa, ki zauna ki dube shi da kyau, ki daɗe kina dubawa. Wanda zai dawo miki, in Allah ya sa ya dawo, ba mai wannan fuskar ba ne. Zuciyar ce kawai ba ta sake ba.

Naki har kabari, ko da a Ubayyid aka haƙa shi,
Abdulƙadiri