Tagar ɗakin mahaifinka

Zakirai,
14 ga Satumba, 2023

Zuwa ga ɗana Fatihu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka da sauƙi, Ya tsare ka daga sanyin ƙasar da ka je. Mu nan sai godiya. An yanke gero, wake ya fara fure, baffanka Iliyasu ke kula da gonar mahaifinka. Na zaɓi rubutu ne domin a waya kana katse ni, ita kuwa takarda sai ka kai ƙarshenta.

Ƙanwarka Aina'u ta faɗa mini cewa a asibitin da ake duba baƙin da suka shigo ƙasar an ɗebi jininka, an ce ƙwayar tarin fuka tana kwance a jikinka, an ba ka magani na wata huɗu. Ta ce ka jefa shi a ƙasan akwati, wai kai ko tari ba ka yi, wulaƙanci ne kawai don sun ga baƙar fata. Fatihu, ban yi maka tarbiyyar girman kai ba. Wanda ya sauka gidan mutane ba ya jin haushi don an ce ya wanke hannu kafin ya sa a kwano. Su ma suna da tsofaffi da jarirai, kuma Allah zai tambaye ka haƙƙinsu.

Ta kuma ce da likita ya tambaye ka ko wani ya taɓa yin ciwon a gidanku, ka ce babu, asma ce ta ɗauki mahaifinka. Ba kai ka yi ƙarya ba, ni na sa ta a bakinka. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Malamin asibiti ya faɗa mini sunan ciwon mahaifinka, tarin fuka, tun da sauran lokaci, ya ce a bar taga a buɗe, a riƙa karɓar magani kyauta. Ni da na yi sakandare, na san gaskiya ya faɗa. Amma ana maganar auren Aina'u, na ji tsoron a ce gidanmu gidan masu tari ne. Sai na ware masa kwano, na rufe tagar, na toshe ta da tsohuwar tabarma don kada maƙwabta su ji. A ɗakin nan ka yi wata biyar kana tallafe da shi, ni kuwa ina yabonka da biyayya.

Ranar Litinin na kwashe gidan duka zuwa gwaji. Kowa ya fita lafiya, ban da ni. Na fara shan nawa maganin, na wata shida, Furera matar baffanka ce ke tsayawa a kaina har in haɗiye. Ka koma wurin likitan nan ka gyara amsarka, ka ce mahaifiyarka ce ta ɓoye. Sannan ka ciro maganinka. Na binne ɗaya saboda kunya, ba zan iya na biyu ba. Ka yafe mini, ka kuma tuna da shi a sujadarka.

Baffa Iliyasu da Furera da Aina'u suna gaishe ka. Ka gaida Kamaruddeen abokin zamanka, ka kuma faɗa masa gaskiya, shi ma yana da uwa. Jiya na cire tabarmar nan da hannuna. Hure maƙwabciyarmu ta ji tarina ta kan katanga, ta tambaya ko mura ce, na faɗa mata sunansa.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Barira Yahya