Na Cinye Waken Surukina

Tanti Maimouna, don Allah ki taimake ni, ina ganin iya lissafi zai raba ni da matar da nake so.

Ni ɗan Maraɗi ne, ina karatun lissafi a jami'a a Lyon, rabin rana kuma ina ɗaukar kaya a wani sito a Vénissieux, kusa da Lyon. Ba yabon kai ba, a ajinmu ba na biyu ba ne ni. Duk wata nakan hau jirgin ƙasa zuwa Paris in gaishe da iyayen Halimatou, wadda zan aura. Mahaifinta, Baba Ɗan Juma, tsohon ɗan kasuwa ne a unguwar Porte de la Chapelle. Ranar Lahadi bayan la'asar yakan tara abokansa su yi kartar poka. Ba kuɗi, wake suke rabawa, in an tashi a maida shi kwalba.

Ƙa'idar wasan, ƙarin ƙayyadadde ne. Mutum biyu su fara ajiye wake a tsakiya, wannan ɗaya wancan biyu, mai ƙari ya sa huɗu. To akwai bakwai a tsakiya, kai kuma sai ka sa huɗu kafin ka bi, wato ka ci gaba da wasan. Ke nan in ba za ka ci sau huɗu cikin sha ɗaya ba, bin asara ne. Wannan ko a barci na sani.

Abin da ban sani ba, a teburin nan in Baba ya ƙara, kowa bi yake, komai lalacewar kartarsa, don girmamawa. Ni kuwa sai na yi ta ajiye karta, ina ƙin bi. Da na lura shi da kowace irin karta yake ƙari, ina samun mai kyau sai na ƙara a kan ƙarinsa. Kafin magariba na kwashe wakensa tas. Sannan, Tanti, na jawo takarda na zana masa inda yake kuskure, a gaban abokansa. Wallahi na ɗauka zai yi alfahari da ni.

Wata biyu ke nan, maganar sa rana ta tsaya cik. Halimatou ta ce Baba cewa ya yi yaron da ba ya bin babba a wasa, a ina zai bi shi. Ni fa lissafina daidai ne. In ba da haƙuri a kan gaskiya?

Mai Lissafi, Vénissieux

Ɗana Mai Lissafi,

Na sa alƙalami na duba, huɗu cikin sha ɗayan nan haka yake. Ka yi alfahari da kanka, ni ma na yi, yaro yana ɗaukar kwali yana kuma gaba a aji. Ku kuma ci gaba da wake, kada kuɗi ya shigo.

Baba ma bai kyauta ba da ya rataye aure a kan wasa. Amma ka duba shi. Mutumin da ya yi shekaru a ƙasar nan ana gyara masa Faransanci, ana gyara masa takardu, teburin nan ne wurin da ba mai gyara shi. Cin da ka yi masa zai iya shanyewa, ɗan kasuwa ya saba. Takardar ce ta yi zafi.

Kada ka koma kana faɗuwa da gangan, zai gane, kuma wannan raini ne na biyu. Ka je ranar da ba wasa, da goronka, ka durƙusa ka ce ka yi rashin ladabi da ka koyar da shi a gaban mutane. Ba wanda ya ce ka ƙaryata lissafi. Ka kuma tambaye shi yadda yake gane mai ɓoye karta daga fuska, wannan ba a jami'a ake koyarwa ba.

Yanzu yi min naka lissafin. Abin da za ka sa kalmar haƙuri ɗaya ce, abin da ke tsakiya kuwa Halimatou. Wannan karon ka bi, ɗana. Allah ya sa in ci goron sa ranarku.

Tanti Maimouna