Sun Hana Ni Tafiya Da Ƙafa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanena Malam Usmanu a Fatakwal. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da hidimar aiki. Mu nan unguwar Rumde a Jimeta sai godiya.

Damuwata jikina ce. Wata uku ke nan ina salla a kan kujera, domin tumbi da gwiwa sun hana ni sujada. Ranar sunan jikanyata da aka nuna mini hotona, sai da na kau da kai don kunya. Likita ya ce maganin shi ne tafiyar ƙafa kullum bayan Asuba.

To, mutanen Jimeta sun hana, domin a wurinsu abin kunya ne malami irina ya taka ƙasa suna gani. Jiya ko kwanar masallaci ban kai ba, wani mai keke, tsohon ɗalibina, ya ci birki: "Subhanallahi, Modibbo! Ina raye kana tafiya a ƙasa? Hau!" Na ce motsa jiki nake yi. Ya ce, "Wannan jiki ai albarka ne, kar ka rage shi." Haka ya maido ni gida, ko gumi ban yi ba.

Gobe zan ajiye rawani, in sa tsohuwar rigar gona, in nufi ƙauyen Yolde Kohi, ko sa ɗauka manomi ne su ƙyale ni.

Ka gai da Hajja da yara. Ku taya ni addu'a, Allah ya sa goshina ya taɓa ƙasa kafin azumi.

Wanka,
Hammadu