Hoton Bakin Ɗakin Wanki

Zuwa ga Gwaggona abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, gwiwar nan kuma ta yi sauƙi. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Mu nan lafiya lau, yara sun koma makaranta, uwarsu kuwa tana nan tana fama da ni. Yaya ma ƙalau take, sai dai tun da mijinta ya zama shugaban ƙasa, ni ma a talabijin na fi ganinta.

Gwaggo, laifi na yi miki, kuma na fi so ki ji daga gare ni. Ofishin Yaya ya sa wata marubuciya ta haɗa ɗan littafi kan tarihin rayuwarta. Yaya ba ta da lokaci, sai ta ce a neme ni, wai babu abin da ban sani ba. Aka kira ni wani ɗaki mai sanyi kamar firij, ga wasu manya biyu sun harɗe ƙafa suna sauraro. Na zube musu tsofaffin hotunanmu. Marubuciyar ta ɗauko wanda aka ɗauka a bakin ɗakin wanki na asibiti, ranar da Yaya ta ci jarrabawa: kina tsaye da rigar aiki, hannunki duk sabulu ya cinye, kin dafa kafaɗarta. Ta tambaye ni wace ce wannan. Na kalli takalman mutanen nan, na kalli silifas ɗinki a hoton, sai kawai na ce mai aikin gidanmu ce.

Na so in ce miki suɓutar baki ce, amma ƙarya zan ƙara. Kunya na ji. Ke da kika kwashe mu bayan rasuwar Mama, shekara goma sha tara kina wanke zanen gadon marasa lafiya, Yaya tana karatu a gefenki a kan kifaffen bokiti, ni ina barci a kan tulin wanki. Mu da ko gida ba mu da shi sai ɗakinki ɗaya, wace mai aiki kuma?

Aka buga littafin, maganata tana ƙarƙashin hoton. Da Yaya ta gani, ta ɗauka gangancin marubuciyar ne, ta ce a sallame ta. Kwana uku na ja bakina na yi shiru, ina ji ina gani aka raba baiwar Allah da aikinta. A rana ta huɗu na je na faɗa wa Yaya gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta sa aka dawo da matar, aka tattara littattafan, amma wasu sun riga sun fita. Sannan ta dube ni ta ce, "Auta, ba ni ka ɓata wa ba. Rubuta wa Gwaggo da hannunka, kuma kada ka sake taka gidan nan sai ta ce ka taka."

Ba don ƙofar gidan Yaya nake roƙonki ba, Allah shaida ne. Idan kin yafe, alheri kika yi. Idan ba ki yafe ba tukuna, zan jira, ba ni da bakin magana.

A gaishe mini da Kawu direba da iyalinsa, da Baba mai kanti. Malama, na san ke za ki karanta wa Gwaggo wannan takarda, kuma na san halinki na tsallake abin da zai ɓata mata rai. Don Allah wannan karon kada ki rufa mini asiri. Karanta mata har wurin silifas ɗin.

Ɗanki mai neman gafara,
Auta