Abin da Na Faɗa wa Aminatu Kaɗai

Litinin, 7 ga Afrilu

Awo yau. Aminatu ce ta duba ni da kanta, ta rubuta a karne, katin awona, cewa haihuwar farkon Mayu ce in Allah ya so. Ta ce kan yaro ya juyo ƙasa, komai lafiya lau. Na ce mata wancan karon ma haka aka ce mini. Sai ta ajiye biro ta dafa cikina da hannu biyu. "Hadiyya, wancan karon ina Agadas. Wannan karon ko ba ranar aikina ba ce, ki kira ni. Ba zan ɗaga daga gefenki ba sai na ji kukansa."

Na yarda. In ban yarda da ita ba da wa zan yarda? Benci ɗaya muka zauna tun lakwal, makarantar boko, a Tawa. Ita ta zama ungozoma a matarnite, asibitin haihuwa na unguwarmu nan Yamai, ni na zama malama ina fama da ƴaƴan mutane sittin a aji ɗaya.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Zafi kamar a gidan burodi, kuma an ɗauke wuta tun safe. Na kasa komai, bari in rubuta abin da ban taɓa rubutawa ba.

Shekara biyu ke nan. Haihuwar fari. Da za a shiga da ni, Inna ta riƙe hannuna ta ce ɗiyar gidanmu ba ta kuka a naƙuda, kada in ba ta kunya a garin mutane. Ta zauna a ƙarƙashin taga tana jan tasbaha. Aka ba ni gadon ƙurya. Mata uku suna ihu, ungozoma biyu suna gudu a tsakaninsu. Ni na ciji bakin zane. Duk wadda ta leƙo sai ta ce, "Wannan jaruma ce, da saura," ta wuce.

Wajen azahar na ji ya daina motsi. Na ji sarai. Kuma ban ce uffan ba, saboda Inna tana bayan taga. Sai la'asar aka duba ni.

Kowa ya ce ƙaddara ce. Abdulaye, mijina, har yau abin da ya sani ke nan. Mutum ɗaya na faɗa wa gaskiya a duniya, Aminatu, ranar da ta dawo daga Agadas. Mun yi kuka tare a kan tabarma, ta rantse maganar ta mutu a nan.

Asabar, 19 ga Afrilu

Inna ta iso daga Tawa da buhun gero da kanwa da yajin jego wanda zai ishi mata biyar. Ba ta gama kwance kaya ba ta soma ba maƙwabta labarin dauriyata. Na tashi na shiga ɗaki.

Laraba, 23 ga Afrilu

Ƙafafuna sun kumbura, takalmin Abdulaye nake sawa. Ya ce zai riƙa karɓar haya.

Litinin, 28 ga Afrilu

Aminatu ta zo da mangwaro, kuma tun daga yadda ta tsaya wanke su ɗaya bayan ɗaya na san da magana. Wai an zaɓe ta zuwa formasiyo, horon ƙaro ilimi, a Doso, mako biyu, daga biyar ga Mayu. Na ce formasiyon me? Ta ce na yadda ungozoma za ta kula da mai naƙuda, kada a bar mace ita kaɗai.

Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Za ta bar ni ni kaɗai ta tafi koyon yadda ba a barin mace ita kaɗai!

Ta ce mai yiwuwa ma sai ta dawo zan haihu. Ita da ta rubuta farkon Mayu da hannunta. Ta ce za ta bar ni a hannun Tanti Mariyam. Tanti Mariyam, babbarsu, Bazabarmar nan da ake jin faɗanta tun daga bakin ƙofa, wadda mata ke addu'a kada naƙuda ta kama su ranar aikinta.

Na tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun Maris ta ajiye takardunta. Ke nan ranar da ta dafa cikina ta san ta nema.

Ban ci mangwaron ba. Inna ta cinye.

Lahadi, 4 ga Mayu

Ta tafi. Ta turo saƙo daga tasha. Ban buɗe ba.

Talata, 6 ga Mayu

Wannan sai na rubuta shi.

Da hantsi aka jefa bidiyo a gurup ɗin matan unguwa na waya. Aminatu ce tsaye a zauren otel, da sabon leshi, riƙe da makirfo. An ce kowace ta kawo misali daga aikinta, ita kuma ni ta kawo. Gadon ƙurya, bakin zane, uwa a bayan taga, azahar, la'asar. Ba abin da ta rage. Har inda na ce na ji ya daina motsi na yi shiru.

Ba ta faɗi sunana ba, Allah ya saka mata. Ta dai ce malamar lakwal ce, ƴar Tawa, aminiyarta tun ƙuruciya. Malaman lakwal ƴan Tawa nawa ne aminan Aminatu? Da ta gama aka yi mata tafi. Da ɗana aka yi mata tafi.

Da Faransanci ta yi, don haka Inna ba ta gane ba, har tana cewa leshin ya karɓe ta. Amma ƙanwar Abdulaye ta tura masa. Ya rufe shago a Babbar Kasuwa da rana tsaka ya dawo, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna bakin gado. Sai ya ce, "Kin ji ya daina motsi?" Na ce na ji. Ya ce, "Ni kuma shekara biyu ina tsammanin jinkirin neman taksi da na yi ne." Ya ɗauki buta ya fita.

Ban san yana ɗauke da wannan ba. Ko da zan faɗa masa, ni ya kamata in zaɓi rana, ba ita ba.

Aminatu ta kira sau shida. Ta bar saƙon murya wai ba ta san ana ɗauka ba, wai don kada ya sake faruwa da wata ta faɗa. To ta faɗi nata mana. Na ji zafin tafiyarta, amma wannan ya fi. Cin amana ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Marata tana ɗan juyawa. Wataƙila ɓacin rai ne.

Juma'a, 9 ga Mayu

Namiji. Yana numfashi a gefena yanzu haka, ina ta kai yatsa hancinsa.

Laraba da safe abin ya tashi. Muna shiga, Tanti Mariyam ta karɓi karne ta buɗe, sai na ga an ja jan layi a shafin farko da rubutun da na sani tun aji uku: "Ba ta kuka. A tambaye ta." Tanti ta dube ni ta saman tabarau ta ce da ƙarfi, a gaban kowa, "Ke ce mai shirun Aminatu? To yau babu shiru a ɗakina." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta hana ni gadon ƙurya, ta sa ni kusa da teburinta. Ta leƙa taga ta ce wa Inna, "Hajiya, can ƙarƙashin bishiya akwai inuwa, nan wurin aiki ne." Inna ta tafi tana gunaguni.

Bini-bini sai ta zo ta kafa ƙahon saurare a cikina, ta ce, "Me kike ji? Faɗa da baki, ni ba boka ba ce." Faɗa take yi, amma hannunta da sanyi. Har ga Allah na tsane ta a lokacin.

Wajen azahar na ji shi. Wannan lafawar, irin ta wancan karon sak. Tanti tana can ƙarshen ɗaki a kan wata, ta juya mini baya. Bakin zane yana tsakanin haƙorana, ban ma san lokacin da na sa shi ba. Na tofar. Ban san ina da murya irin wannan ba. "Tanti! Ya daina motsi!"

Da gudu ta zo, mace mai wannan jiki. Ta saurara, ta juya ni gefen hagu, ta ƙwala wa ɗayar ungozomar kira, aka sa mini ƙarin ruwa. Sauran ban riƙe ba, sai muryarta tana cewa in yi nishi, in ƙara, in zage ta ma in ina so. Igiyar cibiya ce ta naɗe masa wuya sau biyu. Ya fito bai yi kuka ba. Ta yi ta murza bayansa tana yi masa faɗa da Zabarmanci, har ya tsala ihu.

Da ta ɗora mini shi ta ce, "Ya gado uwarsa, sai an matsa masa."

Asabar, 10 ga Mayu

Inna tana dama kunun kanwa tana mita wai har bakin titi an ji muryata, da wane ido za ta dubi mutanen Tawa. Na ce, "Inna, da idon da kike duban jikanki." Ban taɓa mayar mata da magana ba sai yau.

Abdulaye bai sake tada zancen ba. Ya dai riƙe hannuna ya daɗe, a gaban Inna ma.

Litinin, 12 ga Mayu

Jan layin nan yana ta dawo mini. Kafin Aminatu ta tafi ta ja shi, ranar awon ƙarshe. Ba ya wanke ta. Rubutu a karne daban, makirfo daban. Kuma alkawarin da ta yi na zama ne, ba na rubutu ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Suna. An yanka rago, gida ya cika, zafi ba a magana. Na ga matan gurup suna satar kallona, na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya har suka sunkuyar da kai.

Aminatu ta zo. Ta baro Doso saura kwana uku a gama, an ce ba za a ba ta takardar shaida ba. Wannan ita ta shafa. Ta tsaya bakin ƙofar ɗaki da tsohon zane, babu leshi, ta ce barka. Na amsa wa ta bayanta. Ba ta shigo ba, ba ta kuma tafi ba, tun hantsi har aka kira azahar.

Ban yafe ba.

Da Inna ta ce ruwan wankana na jego ya yi, ɗakin cike yake da mata, kowace ta miƙo hannu. Ban san yadda aka yi ba, sai ga yaron a hannun Aminatu. Ita ce dai kusa da ƙofa, kuma ta iya riƙon kan jariri, aikinta ne. Da na fito na tarar ta kafa kunne a ƙirjinsa tana saurare, hawaye yana zuba a kan sabuwar rigarsa.

Ban karɓe shi nan da nan ba. Sai da na gama shafa mai a jikina.