Jar Wutar Ba Ta Kama Ba, Bukar

Zuwa ga Malam Bukar na Sheshe, a duk inda jaridar nan ta same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ni ne Haladu. Ban san garin da kake ba. Wasu sun ce kana Maiduguri wurin dangin mahaifinka, wasu sun ce an gan ka a kudu kana bin babbar mota. Shi ya sa na kawo maganar nan jarida, ko wani zai karanta ya kai maka.

Ka san ni ciki da bai, amma bari in faɗa saboda masu karantawa tare da kai. Ko tayar keke ban gada ba. Daga aji uku na sakandare na fita, na tura baro a Ƙofar Wambai, na yi kwandasta, na koyi tuƙi a motar wani. Kwance inji da ido na koye shi, ba wanda ya taɓa ɗora min sifana a hannu. Yau motocina suna kan layin Wudil da Gaya, na yi gida a Gwammaja, na kai mahaifiyata Makka kafin ni in je. Ba soja a bayana, ba ɗan siyasa. Mutum irina ba ya saurin cewa ya yi kuskure, kai ma shaida ne.

Tare muka yi karatu a zauren mahaifinka, Allah ya jiƙansa. Tun da na dawo daga Makka kowa Alhaji yake ce min, har yayyena, kai kaɗai ka ƙi. Ran da na miƙa maka makullin farar motar nan, cewa ka yi, "Haladu, zan riƙe ta kamar 'yar da aka ba ni riƙo." Haka kuwa ka yi. Ban taɓa ganin ka tayar da ita da safe ba ka zaro sandar awo ka duba baƙin mai ba.

Ka tuna lokacin da jar wutar baƙin mai ta fara ƙyaftawa a gaban sitiyari? Kai ka zo ka faɗa min. Na duba, mai a cike. Na ce ai suwic ɗin ne yake ƙarya, wato ɗan ƙarfen nan da ake ɗaurawa a jikin inji, shi ke kunna wutar in ƙarfin mai ya faɗi. Na je Ƙofar Ruwa na tsinto wani a cikin tarin kayan gwanjo, na ɗaura da hannuna. Wuta ta ɗauke. Ka ce ko za a gwada shi tukuna. Na ce maka abin da na ɗaura ba a gwada shi.

Sai ga makon da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓa. Gari ya cika da masu zuwa murna. Mutanen unguwa suka yi shatar motarka zuwa Gaya, don taya wani ɗan'uwansu murnar kujerar da ya ci. Kun wuce Wudil kaɗan inji ya buga. Da igiya aka jawo ku.

Abin da na yi a tasha ranar, shi ya hana ni sakat. A gaban direbobi, da 'yan kamasho, da shugabannin ƙungiyar direbobi, na ce ka ga jar wuta ka ci gaba da taka mota don ka burge 'yan siyasa su yi maka ihsani. Ka rantse da Allah wutar ba ta kama ba. Na ce ƙarya kake. Kai, ɗan malam, da ko da wasa ban taɓa jin ka rantse ba. Ka ɗora makulli a kan motar, ka ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji."

Ka san halin tasha. Direban da maigidansa ya ce ya kashe inji da gangan, ba mai sake ba shi mota, ko da ta ɗaukar itace ce. Na ga kana zuwa da safe kana zama a benci har azahar, na ɗauke kai. Daga baya na daina ganinka. Mahaifiyarka, Ya Falmata, in na bi ta lungunku na gaishe ta tana amsawa, amma ba ta ƙara tambayata iyali ba.

Bukar, a makon nan na gama haɗa injin. Famfon baƙin mai ne ya mutu, shi ya jawo ɓarnar. Na shiga na murɗa makulli, kafin in tayar, wutar batir ta kama, ta mai shiru. Ai dole ta kama a wannan lokacin, sai inji ya tashi sannan ta ɗauke. Na fito na zare wayar daga kan suwic ɗin na taɓa ta a jikin inji, na leƙa: ga ta ja wur. Ƙwan wutar lafiya, waya lafiya. Suwic ɗin da na ɗaura ne matacce, tun ranar da na tsinto shi. Ba gyara wutar na yi ba, bakinta na rufe, na kuma tura ka hanya da mota cike da mutane.

Na kwance shi, na sa sabo fil daga kwali. Na murɗa, ta kama. Na tayar, ta ɗauke. Aikin da bai kai shan shayi ba. Na zauna a kujerarka na kasa fitowa.

Ba zan ɓoye maka ba, sai da zuciyata ta ce in jefa tsohon a kwata, tunda ba wanda ya gani. Na kasa. Washegari na kai shi tasha na nuna wa shugabannin ƙungiya. Dariya suka yi, suka ce, "Haba Alhaji, ai ya wuce, ƙarfe ne." Ran da na zage ka kowa ya saurara, yau da na zo wanke ka ba mai son ji, wai kada su kunyata ni. Har yanzu in sabon direba ya yi ganganci, ce masa suke kada ya yi irin ta Bukar.

Ka dawo gida, Bukar. Motar tana nan, ban ba kowa ba, amma in ba ka son sake ganin fuskata, na yarda, zan riƙa sauya lungu. Ka dawo saboda Ya Falmata, idonta ya fara rauni. Ka yafe min in za ka iya. In ba za ka iya yanzu ba, ba ni da bakin magana.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya ba ka abinci na halal, ya mayar maka da mutuncin da na zubar. Ni kuma Allah ya sa kada in mutu da haƙƙinka a wuyana.

Abokin karatunka,
Haladu.

Mai jaridar nan ya ce zai iya sakaya sunana don kare girmana. Ban yarda ba. A bainar jama'a na kira naka sunan, don haka a buga nawa cikakke, da manyan baƙaƙe, yadda za a karanta a tasha: Alhaji Haladu Mai Mota, Gwammaja. Shi ya kashe injin.